A Ƙarƙashin Ruwa Ba a Cewa Da Sauƙi

Babana mai gyaran famfo ne, ni kuwa aikina koya wa mutane nutso a teku. In aka tambaye shi sana'ar 'yarsa, sai ya ce shi ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana ruwa shiga inda ba a gayyace shi ba, ni kuma na tashi ina kai mutane cikin ruwa inda ba wanda ya gayyace su. Wai tun ina rarrafe, in aka neme ni aka rasa, a bahon wanki ake tsinto ni. Shi ya laƙaba mini Agwagwa, sunan kuma ya bi ni har na girma.

Bai taɓa zuwa ya ga inda nake aiki ba sai bayan rasuwar Umma. Dole in faɗi yadda rasuwar ta same ni, in ba haka ba za a ɗauka haka kawai na ɗaga wa tsoho murya a bakin kwamin iyo, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Lokacin da Umma ta kwanta ina nan bakin teku, tsakanina da gida tafiyar yini ce a mota. Kullum sai na kira.

"Baba, ya jikin Umma?"

"Da sauƙi."

"In taho ne?"

"A'a, yi aikinki. Da sauƙi, mun gode Allah."

Ni ba yarinya ba ce. Na san "da sauƙi" ba labari ba ce, amsa ce kawai, ana faɗinta ko mutum ya kasa ɗaga kai daga matashi. Amma na ɗauka tsakanina da ubana, in abu ya kai intaha, zai nemo wata kalmar. Bai nemo ba. Ranar ƙarshe da hantsi na kira, ya ce da sauƙi. Kafin la'asar yayana ya kira ni yana kuka. Na iso an riga an kai ta.

Ban ce masa komai ba. Wa ke tuhumar ubansa ranar da ya rasa matarsa? Na haɗiye maganar, ta sauka ta zauna mini a ƙirji kamar dalmar da muke ɗaurawa a ƙugu don mu nutse. Daga nan kiran wayarmu ya koma wani abu mai ban haushi. Ya gida? Lafiya lau. Kana cin abinci? Sosai. Ya kaɗaici? Ina kaɗaici, ga rediyo. Yaya kuwa yana gaya mini tsoho ya rame, har ya ƙara wa bel ɗinsa huda, kuma har yanzu bai ɗauke takalman Umma daga bakin ƙofa ba. Na ce ya dawo wurina, ga ɗaki ba kowa. Ya ce me zai zo yi, lafiyarsa ƙalau. Abin da nake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba, sau ɗaya tak in tambaye shi ya ba ni amsar gaskiya. Tsorona shi ne wata rana da hantsi ya ce mini lafiya lau, da la'asar Yaya ya sake kira.

Sai ga shi wata rana ba sanarwa, da ƙaramar jaka da akwatin kayan aikinsa, wanda ba ya rabuwa da shi ko gaisuwa za shi.

"Na zo in ga ruwan nan da ya fi namu," in ji shi.

Shagon nutson da nake aiki yana ƙasa, ni ina zaune a samansa. A shagon silindojin iska ne jere a jikin bango, rigunan roba baƙaƙe na rataye suna tsiyaya, ga warin roba da gishiri da ba ya fita ko an wanke, ga injin cika iska a lungu wanda in ya tashi sai ka yi ihu a ji ka. Baba ya bi komai da kallo, ya taɓa wani tiyo ya lanƙwasa shi ya saki. Muka hau sama. Tun daga ƙofa ya karkata kai.

"Famfon kicin ɗinki na ɗiga."

"Ya daɗe, Baba."

"Robar ciki ce ta cinye. Ba wani aiki ba ne. Zan duba kafin in tafi."

Ya ajiye akwatin a bakin ƙofa, ya ɗora jakar a kai, kamar wanda motarsa ke jira a waje. Da ƙyar na sa ya shigar da jakar ɗaki, akwatin kuwa ya ce a bar shi nan. Sannan na kai shi baranda ya ga teku. Baba mutum ne da ba ya iya ganin abin mamaki shi kaɗai. A da, in ya ga wani abu, ko a talabijin ko a hanya, sai ya zunguri Umma da gwiwar hannu ya ce, "Kin gani?" Kullum tana hagunsa, har tana cewa haƙarƙarinta na dama ya yi kanta. Amma ranar nan sai ya tsaya, hannuwansa a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya, ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce kawai, "Ikon Allah."

Kwanaki suka wuce bai taɓa famfon ba. Mutumin da in ya je gidan mutane gaisuwa sai an ɓamɓare shi daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Sai dai ya sauko da safe ya zauna a benci cikin shago, yana kallon ɗalibaina suna fama da takalman roba masu faɗi, suna tafiya kamar waɗanda aka ɗaure wa faranti a ƙafa. Wata safiya ina wanke gilasan fuska ya ce, "Agwagwa, ni ma a koya mini."

Na yi dariya. Da na ɗago na ga shi ba dariya yake ba.

"Baba, kai da ko wanka ba ka daɗewa?"

"Ai shi ya sa. Shekara da shekaru ina faɗa da abu, gara in je in gan shi a gidansu."

Na kai shi wurin likita, don ba na saka kowa a ruwa sai an duba shi, balle ubana. Likita ya auna nan ya saurari can, ya ce zuciyar tsohon nan ta fi tasa. Baba ya kalle ni a kaikaice.

"Kin ji ko? Lafiya lau."

A bayan shago muna da kwamin iyo inda muke fara koyarwa, gefe guda iya ƙugu, ɗaya gefen ya shanye mutum har da rara. Sai da muka yi gumi kafin rigar roba ta shige shi. Ya ce yau ya san yadda ruwa ke ji a cikin tiyo. Da ya sa takalman ya dubi ƙafafunsa ya ce, to, yau an ga wanda agwagwa ta gada. Abin shaƙar iska da ake cizawa a baki kuwa sai da ya juya shi gaba da baya, ya duba kowace mahaɗa, sannan ya yarda ya sa a bakinsa.

Na zaunar da shi a bakin kwamin na koya masa abin da nake fara koya wa kowa.

"Baba, a ƙarƙashin ruwa ba baki, sai hannu. In na haɗa babban yatsa da manuni suka yi zobe, haka, ina tambayarka ne, lafiya? In lafiya, kai ma ka yi mini zoben. In ba lafiya ba, ka shimfiɗa tafin hannu ka girgiza shi dama da hagu, sannan ka nuna mini wurin da ke damunka. Kunne ne, gilashi ne, iska ce. In na ɗaga babban yatsa sama, mu hau ke nan. Kai ma kana iya tambayata, abokin nutso ba ya fin abokinsa."

"Wannan ai mai sauƙi ne."

"Amma ka lura. Zoben nan tambaya ce, ba gaisuwa ba."

"To ai gaisuwa ma tambaya ce."

"Ita ba a jiran amsarta. Wannan ana jira."

Ya ce ya gane. Na nuna masa yadda ake toshe hanci a hura a hankali in ana sauka, har kunne ya buɗe, na ce in ya ƙi buɗewa kada ya daure, ya gaya mini mu ɗan hau.

A wurin da ba zurfi ya yi abin kirki, har ya ba ni mamaki. Mutum ne mai natsuwa, numfashinsa a hankali, ba ya fafur-fafur kamar samari. Muka gangara wajen zurfi. Na yi masa zobe, ya mayar mini nan take, har da ɗan sunkuyar da kai. Muka ƙara sauka, na sake tambaya, ya sake amsawa kafin ma in gama haɗa yatsu. Na ji daɗi a raina, na ce ashe tsoho ɗan ruwa ne. Sai da muka fito ya cire gilashin na ga jan ruwa ya taru a wajen hanci, shi kuma yana karkata kai yana danna bayan kunne.

"Baba, jinin mene ne wannan?"

"Ba komai. Kunnen ne ya ɗan yi kamar ana soka ƙusa."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka fara gangarawa. Amma da sauƙi."

Wallahi da wata kalmar ya faɗa, da na yi masa faɗan malama kawai na wuce. Amma sai ya ɗauko wannan. Na ji dalmar nan ta taso daga ƙirjina.

"Sau nawa na tambaye ka a ƙasa?"

"To, na ga kina ta ƙoƙari, ban so in katse miki..."

"Na ce maka ba gaisuwa ba ce! Ka san abin da ke faruwa in dodon kunne ya fashe a teku? Jiri ya kwashe ka, ka rasa sama ka rasa ƙasa, ni kuma ina gefe ina murna wai Babana lafiya lau! Ba zan kai ka teku ba. Ko za ka shekara a kan bencin nan, ba zan kai ka ba."

"Haba, Agwagwa, abin bai kai nan ba."

"Ya kai, Baba. Da sauƙin nan ta riga ta ci mini mutum ɗaya. Ba zan ba ta na biyu ba."

Ban san zan faɗa ba sai da na ji ta a waje. Magana zarar bunu. Baba ya dube ni, ruwa na ɗiga daga gemunsa, sannan ya sunkuya ya cire takalman ɗaya bayan ɗaya, ya jera su daidai a bakin kwami kamar yadda ake jera takalma a ƙofar ɗaki. Ya hau sama da rigar robar a jikinsa. Ni na zauna a wurin ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, kuma ban yi nadamar maganar ba.

Likita ya ce kunnen bai fashe ba, a bar shi ya huta. Na ɗauka Baba zai gyara famfo ya ɗauki akwatinsa, amma bai yi ko ɗaya ba. Muka shiga zaman kurame. Ina kwana, lafiya lau, sai ƙarar cokali da ɗigar famfo. Wata rana da yamma na hawo daga shago ban yi motsi ba, na hango shi a teburin kicin shi kaɗai. Ya shimfiɗa tafin hannu a iska yana girgizawa, ya tsaya, ya dubi hannun kamar na aro ne, ya sake. Hannu ne mai kaushi, yatsun duk sun kangare da riƙon sifana. Na koma da baya na sake hawowa ina buga ƙafa, don ya samu ya sauke.

Washegari muna karyawa, na zuba masa shayi na tura masa kofi. Ban san abin da ya sa ba, sai na ɗaga hannu na yi masa zobe. Ya kurɓa. Ya ajiye kofin. Ya shimfiɗa hannu ya girgiza, da fuskarsa a ɗaure kamar alƙali, sannan ya nuna kofin.

"Ba sukari," in ji shi. "Tun da na zo haka nake sha. Ke shayinki sai ka ce magani."

Na yi dariya har na ƙware. Tun daga ranar ya samu abin wasa. Matashin da na ba shi ya yi tauri, girgiza. Injin cika iska ya cika ƙara, girgiza. Ashe tsoho cike yake da ƙorafi, bakin ne kawai ba ya fitarwa. Ya ce mini hannun nan ya saba da ɗaurewa, kwancewa ce ke ba shi wuya. Da kunnen ya warke muka koma kwami, sai ga shi yana tsayar da ni da kansa, ya nuna kunne, mu ɗan hau, ya hura, mu sauka. Ranar da ruwa ya shiga gilashinsa ma ya faɗa. Na san duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, babbar tana nan inda take. Amma a ƙa'idar aikina ya ci jarrabawa, ba ni da hujjar hana shi teku.

Muka fita da safe, ruwa kwance. Mai tuƙa mana jirgi, wanda kowa ke kira Kyaftin duk da jirgin bai fi babban kwale-kwale mai inji ba, ya ja Baba da surutu tun daga gaɓa.

"Baba, ka ci abinci dai ko? Kifayen nan ba sa son baƙo mai yunwa."

"In sun ga ƙashi zalla ai sai su bar ni," in ji Baba.

Ya yi raha, amma na ga yadda ya riƙe gefen jirgin. Kyaftin ya kashe inji a wani wuri da na sani kamar tafin hannuna, ba zurfi sosai, akwai duwatsu da farin yashi. Na duba kayan Baba ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya duba nawa kamar yadda na koya masa, har da ƙara matse mini wani maɗauri da ba ya bukatar matsewa. Muka faɗa ruwa, muka kama igiyar da ta sauka ƙasa, muka bi ta a hankali.

Na kai mutane da yawa wurin nan, amma har yau ina son kallon lokacin da hayaniyar duniya ke yankewa. Ba inji, ba waya, ba mai kiran sunanka. Sai numfashinka kawai, shiga da fita, da kumfa na hawa. Haske na saukowa a tsattsage yana rawa a kan yashi. Wasu ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa suka zo gungu guda, suka buɗe mana hanya suka rufe a bayanmu, ko a jikinsu. Baba ya riƙe damtsena na hagu da hannunsa na dama... a'a, da farko da hannu biyu ma ya riƙe. Can ya saki ɗaya. Can ya saki duka, yana tafiya kusa da ni, ni ina damansa. Na tambaye shi, ya tsaya ya yi tunani tukuna, sannan ya yi zobe. Wannan tsayawar ta fi mini zoben daɗi.

Muna zagaya wani dutse sai ga kunkurun teku, babba, tsoho, bayansa duk gansakuka. Ya taso daga yashi ba gaggawa, yana kaɗa hannuwa kamar mai fifita wuta, ya wuce ta gabanmu har muna ganin idonsa. Ni na saba ganinsa, don haka Baba nake kallo. Idanunsa suka buɗe a cikin gilashi. Sai na ga gwiwar hannunsa ta hagu ta fita, ya yi zunguri, ya juya kai wajen hagu.

Ba kowa a wurin, sai shuɗin ruwa har iyakar gani.

Ya daɗe a juye. Kunkuru ya tafi abinsa. Na zagayo gabansa na yi masa zobe, don lokacin tambaya ya yi, kuma don ban san abin da zan yi ba in ba shi ba. Hannunsa ya taso. Babban yatsa da manuni suka fara neman juna, saura kaɗan su haɗu, sai suka tsaya. Ya buɗe hannun, ya shimfiɗa, ya girgiza. Sannan ya nuna ƙirjinsa.

Duk wanda ya san aikin nan ya san ba abin da muke tsoro kamar wannan. Kunne wasa ne, gilashi wasa ne. Tsoho ya nuna ƙirji a ƙarƙashin ruwa, wannan ba wasa ba ne. Na cafki maɗaurin rigarsa na ɗaga babban yatsa. Kuma ba a hawa da gudu, ko uban wa ke mutuwa, don gudun ma kisa yake. Haka muka riƙa hawa a hankali, fuska da fuska, ina duba agogon iskarsa, ina duba kumfarsa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar na bayan gilashi, bakin na cike da roba, idanun kaɗai nake gani, su ma ruwa ya taru a ƙarƙashinsu. A raina ina cewa, ya Allah, ba yau ba, ba a hannuna ba, ba ranar da ya fara faɗa mini gaskiya ba.

Muna fasa saman ruwa na cika rigarsa ta sama, wadda ake hurawa, da iska don kada ya nutse, na fizge abin bakina.

"Baba! Ƙirjin ne? Yana matse ka? Yana sauka hannu? Numfashin fa?"

Ya tofar da nasa yana haki. "Tsaya, Agwagwa."

"Ba zan tsaya ba!" Ina ɗaga wa Kyaftin hannu, jirgin na can nesa kaɗan.

"Ba irin wannan ba ne. Sauke hannunki."

Ya tura gilashin goshi. Ruwan da ya zubo daga ciki ba duka na teku ba ne.

"Kin ce a ƙasa ba a gaisuwa," in ji shi. "Da kika tambaya na duba. Kunne lafiya. Gilashi lafiya. Iska akwai. Amma na ga in na yi miki zobe na yi ƙarya. Sai na nuna miki inda yake yoyo."

Igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sauke. Ban saki maɗaurinsa ba.

"Na juya ne in nuna mata kunkurun."

"Na gani, Baba."

"Kullum haka nake. In dafa shayi, sai na zuba kofi biyu sannan in tuna. Gidan nan ya yi mini girma, Agwagwa. Ɗakin ma na daina shiga, a kujera nake kwana." Ya share hanci da bayan hannu. "Kuma maganar da kika faɗa a bakin kwami, gaskiyarki ce. Tun da likita ya daina kallon idona na san inda aka dosa, ni ba yaro ba ne. Duk kiran da kika yi, ina buɗe baki ne in ce miki taho. Wallahi abin da nake niyya ke nan. Sai in ji bakin ya ce da sauƙi. Ranar ƙarshe hannunta na cikin nawa kika kira. Na ce yau kam zan faɗa. Kika ce to Allah ya ƙara sauƙi, kika ajiye, na bi wayar da kallo."

Na ƙara damƙe maɗaurinsa.

"Tun ina yaro ba a koya wa bakin nan wata amsa ba. Da a ce da hannu kika tambaye ni..."

Bai ƙarasa ba. Ruwa ya ci gaba da lilo da mu. Na daɗe ina jiran maganar nan, na sha tsara yadda zan amsa ta, wani lokaci da faɗa, wani lokaci da kuka. Da ta zo sai na ga ba ta bar mini abin faɗa ba. Tausayinsa ya kama ni, tsoho a cikin rigar roba, gemu jiƙe, gilashi a goshi ya karkace.

Sai ya ɗaga hannu daga cikin ruwa, ya haɗa yatsun nan masu kaushi, ya yi mini zobe. Ya tsare ni da ido yana jira.

Hannuna ya tashi da kansa. Shekaru ina yin alamar nan, ga ɗalibai, ga Kyaftin, ga duk wanda ya tambaya. Kuma tun rasuwar Umma duk wanda ya ce mini ya haƙuri, na ce da godiya, shi kansa Baba in ya ce ya aiki, na ce lafiya lau. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yatsuna sun kusa haɗuwa na tsayar da su. Na shimfiɗa hannu na girgiza. Na nuna ƙirjina.

Bai ce in yi haƙuri ba. Bai ce sai addu'a ba. Ya miƙo hannu ya kama maɗaurin rigata, kamar yadda na kama nasa.

"To," in ji shi. "Na ji."

Muna haka jirgin ya iso, Kyaftin ya leƙo hankali a tashe, don ya ga ɗaga hannun da na yi.

"Malama, lafiya? Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau!" muka ce, baki ɗaya, ni da shi.

Muka dubi juna. Baba ne ya fara, ni na biyo, muka yi ta dariya hawaye na zuba, har ya haɗiyi ruwan gishiri ya kama tari. Kyaftin ya ce shi dai bai taɓa ganin waɗanda teku ta bugar irinmu ba, ya miƙo tsani.

Da muka koma gida Baba ya tsaya a ƙofar kicin, gashinsa bai gama bushewa ba, ya karkata kai yana sauraro.

"Wannan famfon naki," in ji shi.

"Robar ciki ce kawai, ko? Ka ce ba wani aiki ba ne."

"A'a. Na sake saurare. Aikin ba ƙarami ba ne." Bai kalle ni ba. "Zai ɗauke ni lokaci."

Na ce to. Na je bakin ƙofa na ɗauki akwatin kayan aikinsa daga inda ya ajiye shi tun ranar da ya zo, da nauyinsa da komai, na kai masa ɗaki na tura ƙarƙashin gado. Har yau famfon yana ɗiga.